Suwic na Goma Sha Biyu

Kafanchan,
9 ga Mayu, 2023.

Broda Kumai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kuma teku ya daina juya maka ciki. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, kowa ya koma gonar citta. Ran Lahadi na ga mahaifiyarka, Mama Yemima, a majami'ar asibiti, ita da kanta ta ja waƙar Zumuntar Mata. Ta ce in tambaye ka ko jirgin naku ba shi da ranar dawowa ne.

Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma kai ka kai takarduna asibitin mishan ɗin nan lokacin da za ka bar ofishin kwamfuta ka tafi aikin jirgin ruwa. Ban manta ba. Shi ya sa na fara rubuto maka kafin in kai maganar gaba.

Netwok ɗin da ka bar mini yana neman ya ci mini mutunci. Sau biyar, sau shida a rana sai ya ɗauke, musamman can ƙarshe, wajen sabon ɗakin haihuwa da lab. Wani lokaci kuma duk fitilun suwic, akwatunan nan da wayoyin kwamfutoci suke haɗuwa a cikinsu, su kama ƙiftawa tare, komai ya tsaya cak, sai na bi ɗaya bayan ɗaya na kashe na kunna. Nas-nas sun daina kirana da sunana. Da na leƙo sai in ji, "Madam Netwok, abin ki ya tafi kuma."

Na zauna na duba, zargina ya tsaya a kan STP. Ka gyara mini in na yi kuskure, don abin da na sani daga poli ne. Aikinsa shi ne, in wayoyi sun yi zobe tsakanin suwic da suwic, ya rufe ƙofa ɗaya, wato ramin jona waya, don kada saƙo ya yi ta zagayawa ba iyaka. Da lokuta uku yake aiki. Akwai hello, wato daƙiƙa nawa tsakanin gaisuwa da gaisuwa da suwic suke aika wa juna. Akwai max age, daƙiƙa nawa kafin a ce gaisuwar ta tsufa a yar da ita. Sai forward delay, daƙiƙa nawa ƙofa za ta tsaya tana saurare kafin ta buɗe. An koya mana biyu, ashirin da sha biyar. A naka na tarar da biyu, shida da huɗu.

Na shiga suwic na ofis, wanda ka liƙa wa takarda ka rubuta BABBA, na mayar da su ashirin da sha biyar, na adana. Da na sake dubawa, shida da huɗu. Washegari na sake, haka. Sau huɗu ke nan. Broda, ni ba ni da camfi, lamba ba ta komawa da ƙafarta. Ban ce komai ba, tambaya kawai nake yi. Kana da hanyar shiga daga can?

Wata shida na gwaji suka ba ni. Kwamitin asibiti zai zauna ran 22 ga Yuni ya ce a tabbatar da ni ko in kama hanya. Ka san shekara huɗu na yi ina tsaron shagon yayata a Sabon Tasha, takardar HND tana ƙarƙashin katifa. Baba kuwa ya riga ya yi godiya a coci a Samaru Kataf, ya yanka akuya, rabin gari sun ci. Ba zan iya komawa da jaka a hannu ba.

Ƙanwarka,
Hulda.

Cikin jirgi, wajen Bonny,
17 ga Mayu, 2023.

Hulda ƙanwata,

Na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Ni ma ƙalau nake, sai dai kewar tuwon acca. Ki gaishe da Baba, ki ce masa raina bai daɗi ba da aka cinye akuya babu ni.

Na yi dariya da na karanta tambayarki. Ni da sau ɗaya a mako ake ba mu kwamfuta mai fita waje, minti talatin, ana tsaye a kanka ana duba agogo, ni ne zan shiga suwic ɗin Kafanchan? Wayata tana cikin akwati tun watan jiya, ta zama fitila.

Shida da huɗu nawa ne, ba na musu. Lokacin da na saita su, suwic huɗu ne kacal a asibitin. Da an ɗauke wuta an tayar da janareta, sai a zauna ana kallon allo kusan minti ɗaya kafin ƙofofi su buɗe. Matron Bridget ta taɓa tsayawa a kaina tana ƙirgawa da agogon auna bugun jini, ta ce, "Kumai, mutum zai iya haihu kafin abin ka ya tashi." Na rage lambobin har inda doka ta yarda, komai ya dawo cikin daƙiƙa goma da wani abu. Shekara huɗu ba wanda ya yi ƙorafi.

Lambobin ba komawa suke yi ba. Akwai bambanci tsakanin abin da kika saita da abin da suwic yake bi, amma bayanin da tsawo, in na zo hutu a Agusta zan nuna miki da hannu. Kafin nan, in akwai waya biyu tsakanin ɗakin haihuwa da lab, ki cire ɗaya. Sauran ki bar su yadda suke. Akwai abubuwan da ba a taɓawa a asibitin nan, kuma ba don ba a iya ba ne. Kada ki matsa.

Suwic nawa ne yanzu gaba ɗaya? Sannan don Allah kada ki kai wa Mama wannan magana, ba ruwanta da harkar kwamfuta.

Yayanki,
Kumai.

Kafanchan,
19 ga Mayu, 2023.

Broda,

Muna lafiya. Baba ya amsa gaisuwa.

Agusta? Na ce maka 22 ga Yuni, ka ce mini Agusta. Ko dai ba ka karanta wasiƙata har ƙarshe ba, ko kuwa ka karanta da kyau, shi ya sa ka zaɓi Agusta. Sau uku na maimaita inda ka ce kada in matsa. Ni dai a iya sanina, wanda ake yi wa barazana ake gaya wa haka.

Na cire wayar, kamar yadda ka ce. Tsayawa cak ɗin ta ragu, amma ɗaukewar tana nan. Ka tambayi adadi: goma sha ɗaya ne. Duk iyalin da suka gina ɗaki don tunawa da mamacinsu, ran buɗewa sai sun ga kwamfuta tana aiki a ciki, sai a sayo suwic a ja waya daga ɗakin da ya fi kusa, yadda ake jan wutar biki daga gidan maƙwabci. Wasu da hannunka ka ja su, wasu bayan tafiyarka.

Tun da ka ƙi yi mini bayani, na tono littattafaina. Ashe duk suwic ɗin lokutan shugabansu suke bi, wanda ake kira root, komai ka saita a kan sauran banza ne. Na duba, BABBA ɗinka ba shi ne root ba. Na rubuta lambar jikin root ɗin a takarda, na bi suwic goma sha ɗaya ina juya su ɗaya bayan ɗaya, har na hau kujera a ɗakin maza ana mini dariya. Ba ko ɗaya mai wannan lamba. Na mayar da priority na BABBA sifili, tun da mai ƙaramar lamba ne yake shugabanci, don ya ƙwace shugabancin, bai ƙwace ba. Ga kuma wani abu. Wayar da ta fita daga ƙofa ta ɗaya ta BABBA ta shiga silin shuɗiya ce, wadda ta sauko a tsohon ɗakin maza kuwa ruwan toka ce. Waya ba ta canza launi a hanya, sai in akwai abin da ta shiga ta fito.

Akwai na goma sha biyu, Broda, kuma ba ya cikin takardar da ka miƙa mini.

Na je wajen Mista Gilbert, admin, neman izinin a buɗe silin. Ya tambayi dalili, na faɗa masa. Ya jingina da kujera ya ce, "Wannan broda naki ɗin, tun yana nan ni ban yarda da shi ba. Ya bar abu a ciki ne don mu kira shi consultant. Ki sa mini in writing." Na rubuta masa memo, na sa hannu. Silin ɗin kuwa ya ce a jira kwamiti.

Ina so ka faɗa mini gaskiya, ko da ba daɗi. Ka kawo ni ne in ɗuma maka kujera, in ta gagare ni ka dawo a ce ba wanda ya iya sai Kumai? Kuma me ya sa kake tsoron Mama ta ji, in ba ka san abin da ka yi ba?

Hulda.

Cikin jirgi,
28 ga Mayu, 2023.

Hulda,

Lafiyata lau, tun da dai ba ki tambaya ba.

Kin kai ni wajen Gilbert. A duk mutanen asibitin nan, Gilbert kika zaɓa. Ba wanda ya gaya miki cewa ƙanin matarsa, Celestine, ya so a ba wa kujerar da kike kai, ni na tsaya a gaban Rabaran Azariya, shugaban kwamiti, na ce ke kika fi cancanta? Tun ranar bai sake amsa gaisuwata ba. Yanzu kin ɗauki sunana kin sa masa a hannu, har da sa hannunki a ƙasa.

Na koma na karanta wasiƙarki ta farko, yanzu ne na gan ta da kyau. Wa kike koya wa hello da max age? Ni? Ni da na saita su? Wannan bayani ba don ni kika yi shi ba, don masu karatu a bayanki ne. Ki gaya mini, wasiƙun nan bugawa kike yi kina kai ofis?

Duk da haka zan faɗa miki abin da ya shafi aiki, don marasa lafiya ba su yi mini laifi ba. Gaisuwar da root yake aikawa, kowane suwic ta ratsa sai ya ƙara mata daƙiƙa ɗaya na tsufa. In max age shida ne, da ta wuce suwic shida ta mutu. Da lissafina, ɗakin haihuwa shi ne na bakwai daga root. Gaisuwa ba ta isa can da rai, sai suwic ɗin can su ɗauka shugaba ya mutu, su naɗa nasu, ƙofofi su rufe su buɗe, a sake daga farko. Lambobina sun yi daidai da suwic huɗu, ba su yi daidai da sha biyu ba. Ya kamata in mayar da su kafin in tafi, na manta. Wannan laifina ne.

I, akwai na goma sha biyu. Ba hanyar shiga ba ne, ko adireshi ban ba shi ba, sai an tsaya a gabansa an jona masa waya. Sifili na sa masa a priority, kuma shi ne mafi tsufa, shi ya sa BABBA ba zai taɓa kayar da shi ba. Inda yake kuwa ba zan rubuta ba, sai na san idon wa zai sauka a kan takardar. Ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Kumai.

Kafanchan,
12 ga Yuni, 2023.

Broda Kumai,

Ina fata kana lafiya. Da gaske nake tambaya wannan karon. Mama tana lafiya, ta yi ɗan mura amma ta warke.

Sati biyu na yi ina fushi, na ce ba zan sake rubuto maka ba. Jiya da rana abin da ya faru ya sauke mini fushin. An kawo wata mata daga Godogodo, ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Lab sun gama gwajin jininta sun tura, netwok ya ɗauke. Nas Mildred ta jira minti ɗaya, ta jira na biyu, sannan ta cire takalmi ta ruga cikin ruwan sama har lab ta karɓo a takarda. Matar ta rayu, mun gode Allah. Ina tsaye a baranda da kwamfutata a hannu Mildred ta wuce ni, jiƙe sharkaf, ko kallona ba ta yi ba. Matron ce ta tsaya ta ce, "Hulda, ni ba na san wane ne ya ɓata abin nan ba. Na san wane ne yana zaune a ofis ɗin." Na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kuka.

Yanzu amsar tambayarka. I, na buga. Wasiƙata ta farko da amsarka ta 17 ga Mayu suna cikin fayil ɗin Mista Gilbert. Bayanin hello da max age kuwa, ka yi gaskiya, na rubuta shi ne yadda wani zai gane in ta kai ga haka. Tsoro nake ji, Broda, kuma na ɗauka kai ne. Ta 28 ga Mayu ban nuna wa kowa ba. Wannan a wayata nake rubuta ta, ba a kwamfutar ofis ba, kuma amsarka ba wanda zai gani sai ni da Allah.

Maganar Celestine ban san ta ba sai daga bakinka. Yanzu na gane abin da ya sa ya zo ofishina sau biyu yana tambayar yadda ake buɗe rak, kabad ɗin ƙarfen da suwic yake ciki. Mista Gilbert ya riga ya zagaya 'yan kwamiti yana cewa na san inda na'urar take, ina rufa wa ɗan'uwana asiri ne. Ka ga inda na tsaya: kai kana zargina da kai ka ƙara, su suna zargina da ɓoye ka.

Saura kwana goma. Har yanzu ban san ko in yarda da kai ba, gaskiya ke nan. Amma ba ni da wani wanda zan tambaya.

Ƙanwarka,
Hulda.

Cikin jirgi,
18 ga Yuni, 2023.

Hulda ƙanwata,

Ina lafiya. Na gode da kika faɗi gaskiya game da bugawar. Labarin matar Godogodo ya hana ni cin abinci. Na roƙi wani abokin aiki ya ba ni nasa minti talatin ɗin don in rubuta wannan a tsanake.

Suwic ɗin yana cikin bestiri, ɗakin bayan majami'a inda mawaƙa suke rataye rigunansu. Ki ja kabad ɗin riguna gaba kaɗan, ki ɗaga kai, yana kan katako kusa da silin.

Ga dalili. Root yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, in ba haka ba duk lokacin da aka juya zuwa janareta sai an sake zaɓen shugaba. A lokacin, wuri ɗaya ne a duk harabar yake da irin wannan wuta, wato solar majami'a. Ke ba ki zo ba tukuna, ba ki san tarihinta ba. Zumuntar Mata ne suka saya da cittar da suka noma shekara uku a gonar haɗin kai. Ta farko da aka taɓa sa wa majami'ar, cajin waya da firjin biki suka kashe ta cikin wata takwas. Saboda haka ran keɓe wannan, matan suka tsaya a gaban bagadi suka yi alkawari cewa ba abin da za a jona mata sai fitila da lasifika, kuma makullin bestiri yana hannun shugabarsu kaɗai. Shugabar kuwa Mama ce.

Na roƙe ta. Na ce mata abin bai kai ƙwan fitila ɗaya cin wuta ba, kuma don marasa lafiya ne. Kwana uku ta yi tana addu'a kafin ta ba ni makullin, ta tsaya a bakin ƙofa har na gama. Takardar BABBA kuma don kada kowa ya nemi wani suwic na liƙa ta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne maganar Mama Lucy. Shekara biyu da suka wuce aka kama ta tana cajin waya a bestiri, ɗanta yana kwance a asibiti a Jos tana jiran kira. Matan suka ce alkawari alkawari ne. Aka sa ta tsaya a gabansu ta nemi gafara, aka dakatar da ita wata uku daga waƙa. Mama ce ta jagoranci zaman, suwic ɗina yana bayan kabad yana aiki. Da Mama ta dawo gida ranar, ɗakinta ta shige kai tsaye. Shekara sha takwas tana riƙe da matan nan, in wannan ya fito ban san yadda za ta ɗaga kai a Kafanchan ba.

Ran Talata da rana Mama take share bestiri ita kaɗai. Ki je da wayar konsol, wadda ake jona kwamfuta da suwic kai tsaye. Kalmar sirri sunan kakarmu ce, wadda ta haifi kakata da taki. Ki fara da forward delay, ki kai shi sha biyar, sannan max age ashirin, in kin juya zai ƙi karɓa. Hello ki bar shi a biyu. Sauran suwic za su bi da kansu. Bayan an ɗauke wuta za a ɗan ƙara jira, ki sa portfast, saitin buɗewa nan take, a ƙofofin da kwamfuta kaɗai ke kai, su ba za su jira ba.

Ki gyara, ki mayar da kabad, ki gaya wa kwamiti matsalar lambobi ce kuma Kumai ne ya bar su. Ki ɗora mini duka, zan ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, kada sunan bestiri ya fito daga bakinki.

Yayanki,
Kumai.

Kafanchan,
25 ga Yuni, 2023.

Broda Kumai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Kowa yana lafiya a jiki. Ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ran Talata na tarar da Mama a bestiri da tsintsiya. Ta dubi wayar konsol da ke hannuna ta ce, "Kumai ya gaya miki." Na ce i. Ita da kanta ta kama kabad ɗin muka ja tare. Na yi yadda ka ce, sha biyar sannan ashirin. Na koma ofis na duba BABBA, na ga lambobin sun canza, na zauna ina kallonsu kamar ban taɓa ganin ashirin ba. Daga ranar har yau netwok bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Na mayar da waya ta biyu tsakanin lab da ɗakin haihuwa, ƙofa ɗaya ta rufe kanta yadda ya kamata.

Ran Alhamis kwamiti ya zauna. Na yi bayanin lambobin, na ce an gyara, Matron ta ba da shaida. Na ɗauka an gama. Sai Mista Gilbert ya buɗe fayil ya fito da memo ɗina ya karanta da ƙarfi, har inda na ce akwai na'ura ta goma sha biyu da ba a san inda take ba. Ya ce, "Ita ta rubuta. Yanzu ta ce ta gyara. A ina ta gyara? Ko ta yi ƙarya a May, ko tana ɓoye abu a June." Na ce na'urar ba ta da haɗari, na ɗauki alhakinta a kaina. Na ce a ba ni wata ɗaya in sake hanyar wayoyin in cire ta. Rabaran Azariya ya cire tabarau ya ce, "Ɗiyata, mu ba mu san max age ba. Amma asibiti ba zai riƙe ma'aikaci da ya san abu a cikin ginin nan ya ƙi faɗa. Ki nuna mana yau, ko mu nemi wanda zai nuna mana."

Na tuna roƙonka, kalma bayan kalma. Na kuma san in na fita daga ɗakin nan ba aiki, kafin sati ya ƙare Celestine zai hau silin ya bi wayar har bestiri. Wannan gaskiya ne, amma ba zan fake da shi ba, don ba shi ya buɗe mini baki ba. Aikin nake so. Na ce, "Yana bestiri."

Aka aika a kira mai makulli. Mama ta zo daga gona, laka har idon sawu. Ta ga kwamiti a tsaye a ƙofar majami'a, ta gan ni a bayansu. Ta kwance makullin daga bakin zaninta ta buɗe, ta nuna musu wurin da hannunta, ta ce, "Ni na ba shi."

Kwamiti ya wanke ka daga zancen ɓarna, an rubuta haka a littafin zaman kwamiti. An ce a saya wa ofis batir a mayar da root can. Ni kuma an tabbatar da ni.

Yau bayan sujada matan suka zauna. Ba wanda ya kira Mama, ita ta tashi. Ta faɗi komai, ranar da ta ba ka makulli da shekarun da abin ya yi a wurin. Sannan ta taka har inda Mama Lucy take, ta durƙusa da gwiwa biyu ta ce, "Lucy, na hukunta ki a kan abin da ni ma ina yi. Ki yafe mini." Mama Lucy ta rufe fuska da ɗankwali, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Mama ta ajiye makullin a kan tebur, ta koma bencin baya ta zauna, inda baƙi suke zama.

Na jira ta a bakin ƙofa. Ta tsaya ta dube ni ta ce, "Yana aiki yanzu?"

Na ce, "Yana aiki, Mama."

"Har wurin masu haihuwa?"

"Har can."

Ta gyaɗa kai ta wuce. Na ce in raka ta gida, ta ce ta san hanya.

Za ka ji labari iri-iri daga mutane. Wasu za su ce Gilbert ne ya gano, wasu su ce an tilasta mini. Ba haka ba ne. Ka ba ni amanar mahaifiyarka, na riƙe ta kwana huɗu, na sake ta da bakina don in tsira da kujerata. Takardar tabbatarwar tana cikin jakata tun ran Alhamis, ban nuna wa kowa a gida ba tukuna. Gobe ƙarfe takwas zan buɗe ofis.

Ƙanwarka, in har yanzu ka yarda,
Hulda.